Auta Ya Rantse Sai Ya Karya Hannun Yayansa

Wannan saƙo daga wata uwa tamu ne a nan Alƙahira. Da murya ta turo shi, na rubuta yadda ta faɗa, ta ce a sakaya sunanta. A yi mata magana da ladabi. Admin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'ya'yana da jikokina na wannan zaure, da malamai masu karatu a Madinat Nasr, da duk wanda maganar nan za ta kai kunnensa. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma ba ni ita kafin Juma'a, domin bayan Juma'a ba ta da sauran amfani gare ni. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba sai abin da zan yi salla da shi. Maƙwabtana ne suke karanta mini labaran da ake sawa a nan idan mun zauna shan gahawa, ina ji ina cewa Allah ya kyauta, ashe nawa yana tafe. Abin da ke gabana shi ne, ƙaramin ɗana ya dafa Alƙur'ani ya rantse sai ya karya hannun yayansa na dama, yayan kuma ya ce ya yarda, da ƙafarsa zai kai masa hannun. Akwai magana a bakina da za ta iya tsayar da su, amma idan ta fita wani gida zai rushe. Ku bari in ɗauko muku daga tushe.

Ni 'yar bakin ruwa ce. A Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka haife ni, a gaɓar Nilu, ubana masunci, kakana masunci, na iya tuƙa kwale-kwale tun kafin in iya tuƙa tuwo. 'Ya'ya maza biyu Allah ya bar mini. Na farin ba na kama sunansa, ku kira shi Babba. Shi ya zo Masar tun yana saurayi, ya sha wuya, daga baya Allah ya buɗa masa a harkar marmara, dutsen nan mai sheƙi da ake shimfiɗawa a gidajen masu hali. Yana da ofis a unguwar Mohandessin, kuma daga Italiya yake sayo dutsen. Ƙaramin shi ne Auta, mai walda, shi ya zauna da ni a Omdurman har yaƙi ya same mu. Shi ya goya ni a bayansa yana tsallake gawawwaki a titi yana cewa Inna rufe idonki, shi ya lulluɓe ni da jikinsa a bayan motar da ta ratso hamada da mu. Tun daga wannan tafiya Auta bai koma yadda yake ba. Ba ya dariya, kuma duk wanda ya ɗaga mini murya, ko a layin burodi ne, sai maza sun taru sun riƙe shi. Babba ya so in koma gidansa, na ce ba zan bar wanda ya goya ni shi kaɗai ba. Shi ya sa muke unguwar Arba wa Nus ni da Auta, ina sama, shagonsa yana ƙasan benen.

Matar Babba, ku kira ta Nusaiba, 'yar Kano ce, karatu ya kawo ta. Wallahi ban taɓa ganin ɓacin ranta a kaina ba. Sun daɗe ba haihuwa, sun yi yawon asibiti har sun gaji, sannan Allah ya kawo Ummi, aka sa mata sunana. Yarinya ce mai surutu, ta fara famfara, tana kirana Habboba yadda jikoki suke yi a Sudan, tana ce mini wai Hausata ta ƙauye ce. Bayanta akwai jariri namiji yana nono.

To da zafin bana ya tsananta, sai Babba ya zo ya ce Inna ki shirya, na yi miki biza, za mu je hutu Italiya bakin teku ki sha iska, kin ga wahala da yawa. Auta takardunsa ba su isa ba. Ranar tafiya ya sauko mini da jaka har mota, ya kama kafaɗar yayansa ya ce, amana na ba ka, yadda ka ɗauke ta haka za ka dawo mini da ita. Babba ya yi dariya ya ce to uban Inna, khalas, mun ji. Auta bai yi dariya ba.

Sunan garin ya fi ƙarfin harshena, ba zan gwada ba. Amma na gan shi da idona, kuma zan faɗa muku gaskiya, gari ne mai kyau. Teku a gabansa, duwatsu a bayansa, kawunan duwatsun fari fat, na ce ƙanƙara ce da rani haka, Babba ya ce a'a Inna, marmarar da nake saye ke nan, nan ake yanko ta. Gidajen ba dogaye ba ne, kowanne ya ɓuya cikin itatuwa masu kai kamar laima, ƙamshinsu har cikin ɗaki. Ba hon, ba ihu, ba motar haya mikrobas mai neman taka ka. Kowa a kan keke yake, har tsofaffin mata sa'o'ina, da farin gashi da farar riga, jika a gaba burodi a kwando. Akwai wata gada doguwa da ta shiga cikin teku ba ta tsallaka ko'ina, mutane su taka har ƙarshenta da yamma, su tsaya, su juyo, shi ke nan aikinta. A bakin ruwa kuwa rumfuna ne jere reras, kowane iyali da tasu, da kujeru da gadajen kwanciya, da asuba a share yashin a taje shi kamar kan amarya. Yara ko'ina, da bokitai da ƙananan shebur. Ummi ta koya mini shan wani abin sanyi da suke kira jelato, tana dariya idan haƙorina ya ɗauka. Na zauna cikin taubina, lulluɓinmu na Sudan, a rumfa ina jan carbi, ba wanda ya yi mini kallon banza, wata tsohuwa ta rumfar kusa ma kullum sai ta ɗaga mini hannu. Na ce a raina, ashe akwai inda mutane suke tsufa ba su taɓa gudu ba.

Akwai kuma masu gadin ruwa, samari majiya ƙarfi da jajayen riguna, suna zaune a kujera mai tsawo, da usur a wuya, da jan kwale-kwale a gefensu. Na ɓangarenmu yana da gashi mai murɗe, kullum sai ya tsuguna ya tafa da Ummi.

Ana nan ana nan, ranar da abin zai faru ta zo. Bayan azahar ne, rana tsaka. Nusaiba ta koma otal ta shayar da jariri ta kwanta. Babba aka kira shi a waya, ya hau wajen titi inda ba hayaniya. Ummi tana bakin ruwa tana cika bokiti tare da wasu yara, ruwan iyakarsa gwiwarta. Na lura iska ta juya, na lura launin ruwan ya canza a wuri guda kamar yana da hanya a cikinsa, na ma buɗe baki zan kira ta, sai na ce bari in sa takalmi in je da kaina. Na sunkuya neman takalmin, na ɗago, ga bokiti yana yawo, babu Ummi. Sai usur. Sai na ga saurayin nan ya ture kwale-kwale ya faɗa ruwa. Na tashi da gudu ba takalmi, ina salati da ƙarfi, mutane suna buɗe mini hanya. Kafin in isa ya fito da ita a hannunsa, kanta yana lilo, leɓenta ya yi shuɗi.

Yanzu ku tsaya in gaya muku yadda muke yi a gida, don ku san ba hauka na yi ba. A wurinmu idan aka tsamo yaro daga ruwa, ba a kwantar da shi rigingine, haramun ne wannan a wurin masunta, an ce ruwan zai koma ya zauna masa a zuciya. Ƙafafunsa ake kamawa a juya shi kai ƙasa, a saɓa shi a kafaɗa cikinsa a kan ƙashi, a yi gudu da shi ana girgizawa har ruwan ya zubo. Na ga ubana ya yi, yara sun tashi. Ni kaina na yi wa Auta yana ƙarami, da ya zame daga kwale-kwale, ga shi nan da ransa. Abin da na sani ke nan, abin da na gada ke nan.

Sai ga wannan saurayi ya shimfiɗe jikata rigingine a kan yashi, ya yage mata riga a gaban jama'a, ya ɗora hannunsa a ƙirjinta ya danna da dukkan nauyinsa, ya danna, ya danna, ƙato a kan 'yar yarinya, sannan ya toshe mata hanci ya sa bakinsa a nata. Na ji ƙas a ƙirjinta, ƙarar ƙashi, da kunnena na ji. Na yi masa magana da Hausa, na yi masa da Larabci, na ce juya ta, juya ta, za ka kashe ta. Na kama kafaɗarsa, ya ture ni da gwiwar hannu bai ko dube ni ba. Mutane sun kewaye suna kallo, ba mai hana shi. Idona ya rufe. Filafilin kwale-kwalen yana yashe a gefe, itace mai nauyi, hannuna kuwa ya san filafili tun ina yarinya. Na ɗaga shi da hannu biyu na sauke masa a gefen kai. Kunnensa ya tsage, jini ya yi tsartuwa har fuskar Ummi, ya kife a kan yashi. Mata suka sa ihu. Na kama ƙafafun yarinyar na juya ta, na saɓa ta a kafaɗa, na fara gudu ina girgiza ta ina kiran sunan Allah. Kuma ruwa ya zubo, na ji ɗuminsa a bayana, wannan ba zan ɓoye ba.

Ban ga zuwan Babba ba, jinsa kawai na yi. Ya ce Inna sake ta, na ƙi, na ƙara damƙe ƙafafunta. Ya ce Inna don Allah sake ta, na ce kauce mini. Sai ya kama damtsena da hannu ɗaya, ya kama wuyan hannuna da ɗayan ya murɗe, ya murɗe har ƙashin ya ɓalle, ya fizge yarinyar, ya wurgar da ni na bugu da bakin kwale-kwale, haƙorina na gaba ya fita. Ɗan da na haifa. Ya mayar da ita gaban saurayin, shi kuwa ya rarrafo, ido ɗaya jini ya rufe, ya sake ɗora hannu a ƙirjinta ya ci gaba da dannawa, jininsa yana ɗiga a jikinta. Ni ina kwance, hannuna ya lanƙwashe inda ba gaɓa, bakina cike da jini da yashi. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi, na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi. Na ce ban yafe maka nonona ba, na ce hannun da ka taɓa ni da shi kada ka ci moriyarsa. Ya juyo ya dube ni. Can sai Ummi ta yi wani irin shaƙuwa, ta yi amai, motar asibiti ta iso.

Ta kwana biyu ba ta san inda take ba, sannan ta farka. 'Yan sanda sun zo, Babba ya yi ta magana da su, saurayin ya ce ba zai kai ƙara ba, ya ce shi ma yana da kaka. Har gadona ya zo da kansa a naɗe, ya tsaya ya ɗora hannu a ƙirji, na kasa haɗa ido da shi. Nusaiba kuwa a asibiti ta same mu, ba ta jin yarensu, duk abin da likita ya faɗa sai ta bakin mijinta. Abin da ya gaya mata shi ne, Ummi ta nutse, an ceto ta, Inna kuma garin gudu ta faɗi a kan kwale-kwale. Ta rungume ni tana kuka tana cewa Mama kin kusa kashe kanki saboda 'yata. A daidai nan ya kamata in buɗe baki, sai Babba ya kafe ni da ido ta bayanta, ya girgiza kai.

Mun dawo Alƙahira, amma Ummin da muka tafi da ita ba ita muka dawo da ita ba. Maganarta ta yi nauyi, sai ta nemi kalma ta rasa ta tsaya tana kallonka, hannunta na hagu yana rawa, kofi ba ya zama a ciki. Likitoci sun ce a ci gaba da gashi da motsa jiki, ana sa rai. Na tsare Babba na ce gaya mini gaskiya, me likitan can ya ce. Ya ce likita ya ce duk lokacin da aka tsaya da dannawar nan ƙwaƙwalwa tana rasa numfashi, kuma ya tambaya me ya sa aka tsaya. Na ce to ni ce ke nan na mayar da ita haka? Ya ce Inna, ta jima a cikin ruwa tun kafin a tsamo ta, Allah kaɗai ya san wanne ne. Na ce ruwan da ya zubo a bayana fa? Ya ce Inna ki bar maganar nan. Na ce masa na janye bakin da na yi maka, na yafe duniya da lahira, ya ce na gode, amma fuskarsa ba ta karɓa ba. Ya ce abu ɗaya yake roƙona, kada Nusaiba ta sani har abada. Ya ce ya san matarsa, tana da haƙuri a kan komai ban da yarinyar nan, ranar da ta ji, za ta kwashe yaran ta koma Kano, ba za ta yafe mini dukan ba, ba za ta yafe masa ƙaryar ba.

Auta kuwa tun a filin jirgi da ya ga filasta a hannuna da giɓi a bakina, ya tsura mini ido. Na ce faɗuwa na yi. Ya ce ma'alish, sannu Inna. Da muka iso gida yana taya ni cire mayafi, sai ya ga damtsena, shatin yatsu ya yi baƙi ya kwanta, ga babban yatsa ta ciki ga sauran ta waje. Ya ɗora nasa yatsun a kai ya gwada. Ya ce Inna, kwale-kwalen garin nan yatsu gare shi? Na ce Bature ne ya ɗaga ni da ƙarfi. Ya ce to. Washegari bai buɗe shago ba, ya hau mota sai Mohandessin.

Abin da ya faru a can bawwabin gidan ne, mai gadin ƙofa, ya ba da labari, ya kuma iso kunnena ta bakin mutane. Wai ya shiga ofis ya rufe ƙofa ya ce wa yayansa wane ne ya riƙe Inna haka, ka ba ni sunansa ko a bayan teku yake. Babba ya ce ba sai ka tsallaka teku ba, ni ne, ni na karya ta. Auta ya ce me ta yi maka? Babba ya ce babu ruwanka. Shi ke nan. Auta ya shaƙe shi ya haɗa kansa da bango, ya fasa masa hanci, ya kayar da shi ya hau ruwan cikinsa yana duka da hannun da yake dukan ƙarfe da shi, har haƙora suka zube. Ya ɗauki guntun marmara na talla daga kan tebur ya ɗaga, Allah ya sa aka ɓalle ƙofa aka riƙe shi, dutsen ya faɗi kusa da kunnen Babba ya fasa daɓen. Duk wannan abu, an ce Babba hannuwansa suna bayansa, bai kare ko fuskarsa ba. Da ana jan Auta waje yana cewa kai ɗan hutu, ni na fito da ita daga cikin wuta ko ƙwarzane babu, kai ka kai ta inda ake shan iska ka karya ta. Masu gidan sun so kiran 'yan sanda, Babba ya hana, don ya san takardun ƙaninsa ba za su jure ofishin 'yan sanda ba. Ya gaya wa Nusaiba wai rigimar kasuwanci ce da wasu.

Da Auta ya dawo, rigarsa duk jinin ɗan'uwansa, ya yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani a gabana ya dafa. Ya ce hannu da hannu, wanda ya karya ki da shi, shi zan karya. Na ce ni na yi laifi, ni na jawo. Ya ce wane laifi uwa za ta yi? Na kawar da kai. Ya ce kin gani, rufa masa asiri kike yi, tun muna yara haka kike. Na ce na hana ka da girman haihuwa, idan ka taɓa shi zan yi maka baki. Ya durƙusa ya kama ƙafata ya ce ki yi Inna, na ɗauka, in shiga wuta a kan wannan ya fi mini in bar shi yana yawo da hannun. Sannan ya ce hanya ɗaya ce, idan akwai dalili, ki faɗe shi a gaban dattawan unguwa, ki dafa Littafi yadda na dafa, a kira matarsa ta ba da shaida tunda tare kuka je, idan dalilin ya kai, zan yi kaffara in je in durƙusa masa. Ban da haka ba na son jin komai. Na san Auta, ko a ɗaki na raɗa masa ba zai tsaya ba sai ya je ya tambayi Nusaiba, tambayar kuwa ita ce tonon.

Na kira Babba na ce to ka bar garin, ka tafi Italiyar taka sayen dutse har ya huce. Da ƙyar nake gane maganarsa saboda kumburin baki. Ya ce Inna ba inda zan je, na riga na aika masa, Juma'a bayan an sauko zan zo shagon. Na ce kana hauka ne? Ya ce ƙashi yana ɗoruwa Inna, gida ba ya ɗoruwa, kuma tun ranar nan duk abin da na taɓa da hannun sai in ji ƙarar karyewar naki. Ya ce bari a karya shi ko na samu in yi barci. Yaron ofishinsa ya gaya wa maƙwabciyata wai maigida ya koma sa hannu a takardu da hagu, yana cewa gwaji yake. Auta kuma ya yanki rodi daidai tsawon kamu biyu, ya naɗe gindinsa da tsumma, ya jingine shi a jikin uwar maƙera, ina ganinsa duk lokacin da na sauko. Rodin nan ba karaya ɗaya zai yi ba, niƙe hannun zai yi. Kuma idan ya fara, ban san inda zai tsaya ba, na ga idonsa a Omdurman.

Na je wajen dattijon unguwarmu, na ce ya shiga tsakani. Ya kira Auta ya yi masa nasiha, Auta ya ce Baba, a naka gidan idan ɗa ya karya uwarsa me ake yi masa? Dattijon ya juyo ya ce mini, Hajiya, ki ba ni abin da zan riƙe shi da shi, na sunkuyar da kai. Na yi tunanin in riga su zuwa shagon in ɗora hannuna mai lafiya a kan uwar maƙera in ce fara da wannan, amma na san ɗaukata zai yi cak kamar yadda ya saba, ya kai ni sama ya kulle ƙofa. Na yi tunanin 'yan sanda, to wannan kuma mayar da Auta ne inda muka gudo.

Malamai, ku gaya mini, rantsuwar nan tasa ta ɗaure shi, ko akwai yadda za a warware ta ba tare da na tona ba? Bakin da na yi wa Babba, da na janye, ya janyu kuwa, ko shi ne yake jan hannun nan zuwa rodi? Masu aikin asibiti, kada ku ji kunyata, ku gaya mini ko ni na taɓa yarinyar nan, zan iya ɗauka. Ku kuma mata masu 'ya'ya, ku sa kanku a wurin Nusaiba, idan ke ce, za ki so ki sani, kuma idan kin sani za ki sake bari kakar ta ɗauki 'yarki?

Gobe Alhamis Nusaiba za ta zo, tun da na karye ita take zuwa ta wanke mini kai ta tsefe ta yi mini kitso, Ummi tana zaune a cinyata tana riƙe mana mataji da hannunta mai rawa. Zan sunkuya a gabanta, yatsunta a cikin gashina, za ta ce Mama ruwan bai yi zafi ba? Ba ni da wata dama bayan wannan. Idan na yi magana, wataƙila ranar ce ta ƙarshe da zan ji nauyin yarinyar nan a cinyata, kuma na karya alƙawarin ɗan da ya zaɓi a niƙe hannunsa a kan ya ba da ni. Idan na yi shiru, jibi da rana zan ji ƙarar daga sama, don tagata a kan shagon take. Don Allah 'ya'yana, in ta tambaye ni ruwan bai yi zafi ba, me zan ce mata?